Tsohon Inji da Sabuwar Giya

Tun da aka ga motar makaranta ta dawo kan hanya, iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai suke ta yi mana tambaya ɗaya: wai da gaske ne an sa wa tsohuwar Fijo giya biyar, kuma da wane kuɗi? Da gaske ne. Mu 'yan aji shida masu ɗaukar darasin aikin ƙarfe da kanikanci ne muka yi aikin, a ƙarƙashin malaminmu, tare da Baba direba da wani makaniki na cikin gari wanda ya ba mu lokacinsa. Mun ga ya dace mu rubuta yadda abin ya gudana a mujallar bana, saboda ƙannenmu da za su gaji motar, da kuma iyayenmu masu tsofaffin motoci a gida amma aljihu ba nauyi. Abin da muka koya shi ne, wanda ba shi da kuɗin sayen kaya sau biyu, tilas ne ya yi awo kafin ya saya sau ɗaya.

Bari mu fara gabatar da motar ga waɗanda ba su san asalinta ba. Peugeot 504 ce doguwa, irin wadda ake kira wagon. Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 504 a shekarar 1968, aka kuma zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969. A nan Nijeriya, masana'antar harhaɗa Fijo da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, aka ci gaba da harhaɗa 504 a can har zuwa 2006, shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Faransa. Shi ya sa da wuya ka shiga gari ka rasa makanikin da ya san cikinta. Tamu ta girmi dukanmu, har ta girmi waɗansu malamanmu. Injinta mai fistin huɗu ne, girmansa si-si 1,971, yana zaune a karkace kamar mai jingina da bango. Da giya huɗu ta fito daga masana'anta, ban da ribas.

Ita kaɗai ce motar da makaranta take da ita. Ita ke ɗauko masara da wake daga kasuwa, ita ke kai takardun jarrabawa, ita kuma ake tayarwa da tsakar dare in zazzaɓi ya yi wa ɗalibi tsanani a ɗakin kwana. Da yawa daga cikinmu an taɓa shimfiɗa mu a kujerarta ta baya an nufi asibiti. Saboda haka da ta fara ciwo, hankalin kowa ya tashi. Giya ta biyu ba ta shiga sai da ƙara, kamar ana niƙa tsakuwa. Giya ta uku kuma takan fice da kanta ta koma firi, musamman a gangara, har Baba ya saba tuƙi da hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da sandar giya. Babu wanda za a ɗora wa laifi. Ƙarfe ma yana tsufa, akwatin giyan nan kuwa, wanda makanikai suke kira giyabos, ya yi shekaru yana hawa da sauka a hanyoyinmu.

Da shugaban makaranta ya kawo maganar gaban ƙungiyar iyaye da malamai, shawarwari huɗu aka kawo. Waɗansu suka ce a sayar da motar, amma abin da za a samu bai isa sayen wata ba. Waɗansu suka ce a cire inji da giya gaba ɗaya a sa na wata motar Japan, kamar yadda direbobin haya suke yi, wannan kuwa ya fi ƙarfin asusun ƙungiyar. Akwai masu cewa a buɗe tsohon giyabos a sake haƙoran da suka cinye. Malaminmu ne ya kawo ta huɗu: tun da za a sauke giyabos ko ta yaya, me zai hana a nemi mai giya biyar na hannu a sa? Dalilinsa man fetur ne. A ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnati ta sanar da janye tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki litar da farashinta na hukuma bai kai Naira 200 ba ta haura Naira 500 a garuruwan Arewa, a 2024 kuma ta wuce Naira 1,000. Duk abin da zai rage shan mai a doguwar tafiya ya cancanci a duba shi. Aka amince, amma ma'aji ya faɗa a fili cewa kuɗin da aka ware shi ke nan. In aka sayo abin da bai shiga ba, mota za ta zauna a kan duwatsu har wata shekara.

Kafin a kashe ko kwabo, Malam ya ce sai an tabbatar injin yana da sauran ƙarfi, domin babu amfanin yi wa dokin da ya rame sabon sirdi. Muka kwance fulogi huɗu muka jera su bisa tsari, muka duba launin kowanne. Babu wanda ya jiƙe da baƙin mai. Makaniki ya aro mana agogon awon matsi, muka ɗaura shi a ramin kowane fulogi bi da bi, Baba yana murza makulli, mu muna rubuta inda allura ta tsaya. Dukan huɗun sun yi kusa da juna, wato ringi da bawul suna riƙe iska yadda ya kamata. Muka tayar da mota muka tsaya a bayanta muna kallon salansa, ba mu ga shuɗin hayaƙi ba. Baba ya yi murmushi ya ce, “Ai na gaya muku, yarana, inji lafiyarsa lau, giya ce ta gaji. Da tsohuwar zuma ake magani.”

A nan ya kamata mu bayyana wa masu karatu aikin giya, don a gane abin da ta biyar take ƙarawa. Inji yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, taya kuwa ba ta kai juyi 1,000 a minti ko da ana gudun kilomita 100 a awa. Giyabos da aksul na baya su ne suke sasanta wannan bambanci. A giya ta farko inji yakan juya fiye da sau uku kafin farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, ta juya sau ɗaya. Gudu kaɗan ne, amma ƙarfin ja yana da yawa, shi ya sa da ita ake tashi. A ta huɗu inji da farfela suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, juyi ɗaya na wannan, juyi ɗaya na waccan. A ta biyar kuwa farfela ce take wuce inji: in ta juya sau 100, inji ya juya wajen sau 82 ne kawai. Misali, gudun da zai sa inji ya yi juyi 4,000 a minti a giya ta huɗu, a ta biyar kimanin 3,300 zai yi. Tafiya ɗaya ce, amma inji ya sami sauƙi, ƙara ta ragu, mai ma ya ragu.

Tambaya ta gaba ita ce daga wace mota za a samo. Ana iya haɗa kusan kowane giyabos da kowane inji in akwai kuɗin ƙera farantin da zai shiga tsakaninsu, da na sake kuloci, da na gyare-gyaren da za su biyo baya. Mu ba mu da wannan kuɗi, don haka muka nemi auren zumunci. Peugeot 505, wadda ta fito a 1979, ƙanwar 504 ce, kuma da yawa daga cikin 505 suna ɗauke da irin injinmu mai si-si 1,971. Giyabos ɗinmu sunansa BA7 a littafin kamfani, mai giya biyar na gidansu kuma BA7/5. To amma ko auren zumunci sai an yi bincike, domin ba dukan 505 ne iri ɗaya ba. Akwai masu injin dizal, akwai masu wani injin fetur dabam, akwai ƙarama, akwai wagon. Mai sayarwa zai ce maka duk Fijo ce, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai ramin noti bai san sunan kamfani ba.

Malam ya zana mana a allo wurare huɗu da sabon zai sadu da tsohon. Na farko fuska, inda ƙwaryar giyabos take manne da bayan inji: dole ramukan notuna su dace, wurin zaman kik shi ma ya dace. Na biyu sandar gaba ta giyabos, wadda take ratsa faifan kuloci: dole yawan haƙoranta da kaurinta su yi daidai da na faifan, bakinta kuma ya zauna a raminsa a bayan inji. Na uku wutsiya, inda farfela take kamawa. Na huɗu sandunan da ke haɗa giyabos da sandar giya ta hannun direba. Muka sauke tsohon giyabos tun kafin mu je kasuwa, ko da yake hakan ya sa mota ta zauna, domin ba a iya auna abin da ke ɓoye. Muka sami kwalin sabulu muka manna a fuskar tsohon, muka bi gefensa da fensir, muka huda kowane rami. Muka auna tsawonsa daga fuska zuwa wutsiya, da tsawon sandar gaba, aka rubuta a littafi, mutum biyu suna aunawa dabam-dabam don a gwada. Wata 'yar ajinmu ce ta ƙirga haƙoran sandar, tana ɗiga alli a na farko don kada ta maimaita.

Kayan mota na hannu suna da manyan kasuwanni a ƙasar nan, irin su Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Ladipo a Legas. Mu dai mun je wadda ta fi kusa da mu, mu uku da Malam da Baba, ɗauke da kwali, da tsohon faifan kuloci, da tef ɗin awo, da alli, da maganaɗisun tsohuwar lasifika. 'Yan kasuwa suka yi ta dariyar kwalinmu, wani ya tambaya ko tela muka zo nema. Giyabos na farko da aka nuna mana ya fi kowanne tsabta, amma da muka ɗora kwali, ramuka ba su hau ba, na wani inji ne. Na biyu fuskarsa ta dace, faifan kuloci ya shiga sandarsa sumul, ga shi ya fi araha. Zukatanmu sun kwanta da shi, sai Malam ya ce a juyo wutsiyarsa. A wagon irin tamu, aksul na baya guda ɗaya ne da ya haɗe tayoyin biyu, yana hawa yana sauka da hanya. Farfela kuma tana cikin wani bututun ƙarfe da ya taso daga aksul, don haka akwai gaɓa a wutsiyar giyabos mai ba bututun damar motsi. Wannan na biyu daga ƙaramar 505 aka ciro shi, irin wadda kowace tayar baya take da hannunta, bututunta kuma a ɗaure yake kam, babu gaɓa. Da mun ɗauko shi don araharsa, da sai mun sake neman wata wutsiya da kuɗin da babu.

Na uku yana can ƙasan tari, ya yi baƙi da datti, daga 505 wagon aka ciro shi. Kwali ya hau, faifai ya shiga, wutsiya irin tamu ce. Saura mu san lafiyar cikinsa ba tare da an buɗe ba. Muka kwance notin ƙasa muka tari ɗan man da ya rage a farar takarda, muka bi shi da maganaɗisu. Ɗan gari mai laushi ya kama, wanda ba a rasa shi a tsohon giyabos, amma babu gutsuren haƙori. Muka kama sandar gaba muka girgiza, ba ta da wasa mai yawa, muka juya ta muna saurare ko boris zai yi gurnani. Sannan muka ɗiga alli a sandar gaba da ta baya, muka sa kowace giya muna juyawa muna ƙirgawa. A ta huɗu alli da alli suka tafi tare. A ta biyar, da ta baya ta cika juyi goma, ta gaba ta yi takwas da ɗan kai. Ciniki kuwa Baba muka bar wa, don ba sa'anmu ba ne. Bayan an daidaita, ya roƙi gyara kamar mai sayen tumatir, aka haɗa mana da sandunan giya da notunansu da wayar agogon gudu, waɗanda in da dabam za a saya, da sun ci kuɗi. Mai shagon ya kuma rubuta mana a rasit cewa in an ɗaura bai yi ba, a mayar masa.

Yanzu ga amsar masu tambayar kuɗi. Mun yi tsimi a wurare uku: giyabos na hannu ne, aikin ƙarfi mu muka yi, wankin kaya ma mu muka yi da kananzir da tsohon buroshi. Akwai kuma inda Malam ya hana a yi tsimi ko kaɗan. Faifan kuloci sabo aka saya, da boris ɗin da ke danna shi, da robobin da ke tare mai a gaba da bayan giyabos. Ma'aji ya tambaya ko tsohon faifan ba zai ƙara shekara ba. Makaniki ya ce, “Ranka ya daɗe, zai iya, amma ranar da ya ƙare, duk abin da yaran nan suka ɗaura sai an sake sauke shi.” Ƙa'idar da muka bi ke nan: abin da ake iya sakewa daga waje cikin minti goma, a lallaɓa da tsoho, abin da ke can ciki, a sa sabo tun ƙofa tana buɗe. Mai ma sai da muka duba littafin motar kafin mu zuba, muka tarar irin baƙin man inji ake sa wa wannan giyabos, ba mai kaurin nan na aksul ba. Tsohon giyabos kuma ba mu sayar ba sai da sabon ya yi makonni yana aiki.

Ranakun Asabar muka yi ta aikin a bayan ɗakin aikin ƙarfe. Dokar farko ita ce a cire kan batir. Ta biyu, babu mai shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe da manyan katakai, an kuma girgiza ta an ga ba ta motsi. Giyabos yana da nauyi, mutum ɗaya ba ya tarbarsa da ƙirji. Saboda bututun nan na farfela, sai an ja aksul baya kafin giyabos ya sami wurin shiga ko fita, aikin da ya ci mana yini guda. Kowane noti da aka kwance yana da gwangwaninsa da sunansa a jiki. Wajen ɗaura kuloci, dole faifan ya zauna a tsakiya daidai, in ba haka ba sandar giyabos ba za ta sami hanya ba. Akwai ƙarfen da kamfani yake yi don wannan aiki, mu kuwa muka fere guntun sandar tsintsiyar turawa daidai kaurin ramin, ta kuwa yi. Da aka zo haɗa fuska da fuska, giyabos ya tsaya saura ɗan yatsa ya manne. Wani daga cikin masu kallo ya ce a sa notuna a ja shi da sifana. Makaniki ya ce kul, abin da bai shiga da hannu ba, akwai abin da ya tokare shi, in aka tilasta masa ƙwarya ce za ta tsage. Aka sa giya, aka ɗan juya sandar baya har haƙora suka sami juna, sai ya zame ya zauna da kansa.

Babban aiki yana wajen farfela. Giya ta biyar tana zaune ne a bayan sauran, don haka sabon giyabos ya fi tsohon tsawo, kamar yadda awonmu ya nuna tun a kasuwa. Ke nan sai an rage tsawon farfela da bututunta daidai wannan bambanci. Akwai mai walda kusa da makaranta wanda zai yanke ya haɗa da ido cikin awa ɗaya a kuɗi kaɗan. Akwai kuma mai injin sassaƙa ƙarfe a cikin gari, wanda kuɗinsa ya fi yawa, ga jira. Mun yi muhawara a kan wannan, lissafi ne ya raba gardama. A giya ta biyar farfela ta fi inji saurin juyi: lokacin da inji yake 3,300, ita tana 4,000 a minti, wato fiye da sau 60 a sakan ɗaya. Sandar da ke irin wannan juyi, in ta karkace ko da kaurin farce ne, za ta girgiza mota, ta cinye boris, wata rana ta karye ana cikin gudu da ɗalibai a ciki. Aka kai wa mai inji. A gabanmu ya yanke, ya haɗa, ya ɗora ta a injinsa ya kafa agogon awo a jikinta yana juyawa a hankali, yana gyarawa har allura ta daina rawa. Wannan shi ne kuɗi mafi yawa da muka kashe bayan na giyabos, kuma babu wanda ya yi da-na-sani.

Ranar gwaji ba mu fara da titi ba. Tayoyin baya suna sama muka tayar da inji, Baba ya bi giya ɗaya bayan ɗaya muna saurare, sannan muka leƙa ƙasa ko mai yana ɗiga. Daga nan aka zagaya filin ƙwallo, sai kuma babbar hanya. Akwai abu ɗaya da ya rage a auna. Agogon gudu daga wutsiyar giyabos yake karɓar juyi, ƙaramin haƙorin da ke juya wayarsa kuwa an yi shi ne don aksul da tayoyin motar da aka ciro shi. Saboda haka ba a yarda da allura sai an gwada ta. Hanyar gwaji tana da sauƙi: motar da ke gudun kilomita 60 a awa, minti ɗaya cif take ci tsakanin dutsen kilomita da na gaba. Baba ya tsayar da allura a kan 60, ɗayanmu yana kallon agogon hannu, wani yana kiran duwatsu. Muka maimaita sau uku, muka tarar allura tana ɗan ƙara wa gudun kaɗan. Muka rubuta bambancin a takarda muka manna kusa da sitiyari.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka mota ta zama sabuwa. Giyabos ba ya haifar da ƙarfi, abin da inji ya ba shi ne yake rarrabawa. Ƙarfin Fijonmu yana nan yadda yake, kuma a giya ta biyar jan da ke isa taya ya fi na ta huɗu rauni. In an cika ta da buhunan masara, ko an fuskanci hawa, ko gudu ya yi ƙasa, tilas a koma ta huɗu. Direban da ya bar mota a ta biyar tana kakkarwa yana danna totur don kada ya sauya giya, yana cutar inji ne, man da yake son ragewa ma ƙaruwa zai yi. Ba a kuma sa ta don tsere ba. Dokar hanya ta ba ƙananan motoci na gida kilomita 80 a awa a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi, birkin motarmu kuwa na zamaninta ne. Mun buɗe littafi a cikin motar inda Baba yake rubuta litar da aka sha da nisan da aka yi. A zirga-zirgar cikin gari ba mu ga wani bambanci ba, domin ba a isa giya ta biyar. A doguwar tafiya kuwa bambancin ya fito, kuma yanzu ana iya hira a cikin motar ba tare da ɗaga murya ba. Abin da ya fi faranta wa Baba rai shi ne hannayensa biyu sun koma kan sitiyari.

Ga iyayenmu masu tunanin yin irin wannan, shawararmu ita ce ku fara tambayar kanku inda motarku take zuwa. In daga gida zuwa kasuwa ne da gona, giyabos ɗinku kuma lafiyarsa lau, ku bar kuɗinku a aljihu. In injin yana hayaƙi yana shan baƙin mai, shi ya kamata a fara gyarawa, don raunannen inji ba ya jan giya ta biyar. In kuwa giyabos ya riga ya gaji kamar namu, kuna kuma yin doguwar tafiya, to ku nemi na dangin motarku, ku sauke tsohon ku auna shi, ku tafi kasuwa da awonku a hannu. Kada kunya ta hana ku ɗaukar kwali. Ku kuma ware kuɗin kuloci da na farfela tun farko, domin wanda ya kashe duka a kan giyabos zai dawo gida da kaya mai kyau da motar da ba ta tafiya.

Ku 'yan aji biyar, mun bar muku fayil a wurin Malam. Kwalin yana ciki, da dukan awon da muka yi, da rasit, da takardar da ta bayyana cewa giyabos ɗin na 505 wagon ne, farfela da bututunta kuma an rage musu tsawo. Kofi ɗaya na wannan takarda yana cikin motar, don duk makanikin da zai taɓa ta nan gaba ya san abin da ke ƙarƙashinta kafin ya aika sayen kaya. Ku riƙa duba man giya a farkon kowane zango, ku kuma ci gaba da cika littafin mai. Lagireto ya fara tsatsafo a gefe ɗaya, mun sa masa alama da alli, wannan aikinku ne.